Gishiri a Gahawar Kanar Stroud

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabantar masu raba abinci a babban otal ɗin da ke bakin ruwan Niagara. A tsawon shekarun nan ban taɓa bari miya ta huce a gaban baƙo ba, ban kuma taɓa bari an ɗaure mutumin da ya shigo hannuna an mayar da shi bauta a jihohin Kudu na Amurka ba. Na farkon ake biyana albashi a kai, amma na biyun ne yake sa ni tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sunana Hosea Tarrant. Mutanena su arba'in ne, Kyaftin suke ce mini, dukkanmu baƙar fata ne, kuma fiye da rabinmu da ƙafarmu muka baro gonakin auduga. Sai dai in ka tambayi kowanenmu inda aka haife shi, zai dube ka ido cikin ido ya ce Kanada.

Kanada kuwa, inda babu bauta, ga ta can tsallaken kogi, minti goma sha biyar a jirgin fito. In kana wanke tukunya a madafarmu kana hango ta ta taga. Masu bayi daga Kudu su ne manyan baƙinmu. Duk lokacin zafi sai su kwaso iyali su zo shan iska da kallon ruwa, mu zuba musu miya da hannun dama, da hagu kuma mu tsallakar da mutanen da suke kira dukiyarsu. Ban taɓa jin kunyar wannan ba ko sau ɗaya.

Ansel ya iso ranar wata Litinin da hantsi, a shekarar 1853, kwance a ƙarƙashin buhunan albasa cikin keken dokin manomin da ke kawo mana kayan miya. Ban san wanda ya miƙa shi ga manomin ba, ban kuma tambaya ba. Haka muke aiki, kowa hannun da ke kusa da shi kawai ya sani. Da aka janye buhunan sai ga dogon mutum ya miƙe, ya ba arba'in baya, da gemu mai furfura, yana ta warin albasa. Abin da ya fara yi shi ne ya jera buhunan da ya kwanta a ƙarƙashinsu tsaf, sannan ya juyo.

"Ranka ya daɗe," ya ce, idonsa a kan takalmina.

"Ɗan'uwa, takalmin ba ya amsa gaisuwa. Ni ina nan sama."

Shekara goma sha tara ya yi yana yi wa wani Kanar Harlan Stroud bauta, mai gonar auduga a Mississippi. Shi ke yi masa aski, shi ke sa masa riga, shi ke tsayawa a bayan kujerarsa. Da aka sayar da 'yarsa guda ɗaya tak, Lettie, bai ce uffan ba, ya ci gaba da goge takalma. Sai ranar da jirgin ruwan da suke ciki ya tsaya a Cincinnati, ya ɗora kwandon wanki a ka ya sauka, bai koma ba. Mako bakwai ke nan yana tafiya daga hannu zuwa hannu.

Da rana ce kamar kowace, da kafin a ɗora tukunyar rana yana Kanada. Amma tun Asabar masu farautar bayi biyu suka sauka a garin. Ɗaya daga cikinsu, wani mai jan wuya da ake kira Skaggs, ya tare a tashar fito, can ƙasa a gindin doguwar matakalar da ke gangarawa bakin kogi. Nan yake wuni yana tauna taba, da takarda a aljihu mai cewa a nemi dogon mutum mai gemu da furfura, wanda ke tafiya shi kaɗai.

To, gemu dai ba fata ba ne. Keziah, shugabar madafarmu, ta kama haɓar Ansel ta share shi tas da askar mijinta. Ni kuma na ba shi farar kwat irin tamu. Duk ranar Alhamis bayan abincin rana mutanena masu iyali a tsallake sukan sauka su goma ko fiye su hau fito tare, kuma duk garin ya saba da ganin haka. Na ce Ansel zai yi aiki tare da mu har Alhamis, ya shige tsakiyarsu ya wuce ta gaban Skaggs.

Mu ba ma raba abinci kamar 'yan gidan shayi. Da ƙararrawa muke aiki, kuma a hannuna take. In na buga ɗaya, a shigo a layi, taku ɗaya. In na buga biyu, kowa ya tsaya a bayan kujerunsa. In na buga uku, faranti arba'in su sauka a kan tebura da ƙara ɗaya. Turawa sukan ajiye cokali su tsaya kallonmu. Sabon mutum yakan yi mako biyu yana fasa mini kwanuka kafin ya iya, amma Ansel a wuni ɗaya ya kama, ranar Laraba kuwa har ya fi wasu da suka shekara biyar. Matsalarsa guda: in Bature ya doso, sai kafaɗarsa ta sauka da kanta, ya manne da bango.

"Ɗaga kai," nake ce masa. "A Kanada aka haife ka, ka manta?"

"Ina ƙoƙari, ranka ya daɗe."

"Kyaftin. Raina zai daɗe ko ba ka ce ba."

Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya Keziah ta kira ni bayan murhu, hannunta duk gari. Mai share ofishin otal ne ya kawo mata labari. Kanar Stroud da kansa ya sauka daga jirgin ƙasa na safe, ya kama ɗaki, ya kuma zo da takardar kotu. Da ƙarfe biyu, lokacin da muke ɗakin cin abinci, ɗan sanda zai bincike madafa da rumbuna da ɗakunan kwananmu. Abokin Skaggs zai tsaya a ƙofa. Skaggs kuma yana inda yake.

"Sai a sa shi cikin gangar gari," in ji Keziah.

"Ita za su fara buɗewa. Ɗakin cin abinci zai shiga, da farar kwat, tare da mu."

Ta dube ni kamar na zuba mata toka a miya. "Gaban ubangidansa? Hosea, wannan girman kan naka sai ya kashe wani wata rana."

"In ya kashe, Yaya Keziah, ke za ki dafa abincin makoki, kowa ya tashi a ƙoshe."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Shekara nawa muna wannan aiki? Wane Bature ne ya taɓa ɗaga kai ya dubi fuskar mai zuba masa miya? Kwat suke gani da hannu. Mutum ɗari uku ne a ɗakin nan. Zan zaunar da Kanar can wajen tagogi, in sa Ansel a teburin ƙarshe kusa da ƙofa. Tsakaninsu ya fi taku sittin."

Ansel yana tsaye yana jinmu. Na tambaye shi yadda idon Kanar yake. Ya ce ba ya gani sosai daga nesa, kuma ba ya yarda ya sa tabarau a gaban mata. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Gaskiya ina jin daɗin kaina a lokacin, har da ɗan fito nake yi da baki ina gyara wuyan riga.

Ƙarfe biyu na buga ƙararrawa. Na ga Kanar: tsoho ne siriri mai farin gashi, da sanda mai kan azurfa, fuskarsa irin ta mutumin da ba a taɓa ce masa a'a ba. Na raka shi wajen tagogi da kaina, na ja masa kujera. Ko kallona bai yi ba, na ce a raina madalla. Miya ta wuce lafiya. Kifi ya wuce. Gasasshen naman sa da dankali suka wuce, muna jin takun ɗan sanda a ƙarƙashinmu yana mirgina ganguna a rumbu. Can ƙarshen ɗaki Ansel yana aiki kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Na auna komai, ban auna zumuncin mutanen Kudu ba. Ana kwashe faranti za a kawo gahawa, sai wani mai ƙaton ciki a teburin Ansel ya miƙe yana ɗaga hannu. Ashe maƙwabcin Kanar ne a gida, ya ji muryarsa.

"Harlan! Harlan Stroud! Kai ne a nan? Zo ka sha gahawa da mu, ga kujera!"

Kanar ya ɗauki sandarsa ya ratso ɗakin nan a hankali, taku sittin ɗin da nake taƙama da su ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ya zo ya zauna a kujerar da babu kowa, wadda ke daidai gaban Ansel.

Gabana ya faɗi. Na riga na buga biyu, mutum arba'in suna tsaye cak da butocin gahawa. In ɗaya ya bar wurinsa a wannan shirun, idon mutum ɗari uku zai bi shi, ga mafarauci a bakin ƙofa. Na dubi Ansel, fuskarsa ba ta nuna komai ba, bango yake kallo kamar yadda na koya masa. Na ce a raina, zuba kawai ka wuce, ɗan'uwa. Na buga uku.

A otal ɗinmu kofi a dama yake zama, kuma ba ma sa wa baƙo komai sai ya nema. Ina kallo hannun Ansel ya ɗauki kofin Kanar ya mayar da shi hagu, ya juya mariƙin, ya zuba rabi, ya kai yatsa biyu cikin kwanon gishiri ya barbaɗa kaɗan. Idonsa yana kan bango har lokacin. Wallahi bai san ya yi ba. Hannun daman Kanar yana rawa tun da doki ya kayar da shi, kuma gishiri yake so a gahawa maimakon sukari. Shekara goma sha tara hannun nan yana yin haka sau uku a rana, bai tsaya neman izinin kowa ba.

Kanar yana cikin magana ya kai kofin baki. Ya kurɓa. Sai ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

"Ansel," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Ansel ya tsaya cak, buta a hannu. Ni kuwa na riga na taho, ina lissafin mutum nawa zan iya turewa tsakanin teburin nan da ƙofa. Na ɗauka Kanar zai yi ihu ya kira mafarauci. Ina! Sai ya ajiye kofin ya dubi abokan teburinsa yana murmushi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Kun gani? Me na gaya wa mutane? Na ce sace shi aka yi. Waɗannan masu tsoma baki na Arewa ne suka ruɗe shi suka kawo shi nan suna ba shi wahala. Ga shi da ya gan ni da kansa ya zo." Ya ɗan juyo ya dubi Ansel sama da ƙasa. "Dubi yadda suka mayar da kai, yaro. Har gemun suka aske. Ba komai, zai tsiro. Mako bakwai ban sha gahawar kirki ba."

Ya laluba aljihu ya fito da makulli ya miƙa ta bayan kafaɗa.

"Lamba goma sha huɗu. Je ka haɗa mini kaya, mutanen nan sun yamutsa mini riguna. Za mu bi jirgin ƙarfe biyar. Ba wanda zai taɓa ka, na yafe."

"To, maigida," in ji Ansel.

Yadda ya faɗe ta ne ya sa tsigar jikina ta tashi. Babu gardama a ciki, babu ko numfashi. Ya ajiye buta, ya karɓi makulli da hannu biyu, ya nufi ƙofa kafaɗarsa a ƙasa. Mafaraucin ya tare shi, sai Kanar ya ɗaga sanda daga inda yake.

"Ƙyale shi, nawa ne, ni na aike shi. Sauka ka gaya wa ɗan sandan nan ya daina wahalar da kansa."

Na danƙa wa mataimakina ƙararrawa, na ce masa ya kawo kayan zaƙi kala-kala, ya ja su har sai baƙi sun gaji. Na bi bayan Ansel ba tare da na yi sauri ba, ko da yake ƙafata gudu take so.

A bayan ƙofar ɗakin akwai hanya biyu. Hagu matakalar ɗakunan baƙi ce, dama kuma madafa da ƙofar da ke fita wajen kogi. Na same shi a hagu, ƙafa ɗaya a kan matakin farko, makulli a hannu. Raina ya ɓaci har na ji zafi a kunnena. Mutum nawa suka sa wuyansu don ya iso nan?

"Ina za ka?"

"Ya ce in haɗa kaya."

"Na ji shi, ba kurma ba ne ni. Kai nake tambaya."

"Kyaftin, ba ka san shi ba. In ya yi magana ƙafata ce take tafiya, ba ni ba. Kai ma ka ga abin da hannuna ya yi."

"Na gani. Hannu ne mai kyau, da a wani wuri ne da na yaba masa."

"Ya ce ba wanda zai taɓa ni."

"Ranar da aka zo ɗaukar Lettie me ya ce maka?"

Ya dubi makullin da ke hannunsa. Na ji nauyin tambayar, amma ban janye ta ba.

"Ya ce aro ne aka yi. Ya ce za ta dawo da Kirsimeti."

"Wace Kirsimetin?"

"Uku sun wuce," ya ce.

Ya sauke ƙafarsa daga matakin. Muka bi dama. A madafa Keziah ta cusa masa burodi da nama a aljihun kwat, ni kuma ta harare ni ta ce za mu yi magana in na dawo. Muka fita cikin rana tsaka, muka ratsa ta cikin masu yawon kallo da masu sayar da duwatsun tsaraba, mutum biyu masu farar kwat da ba wanda ya damu da su.

Matakalar fito ta kusa mataki ɗari uku, a jiƙe take kullum da feshin ruwa. Muna sauka ƙarar kogin tana ƙaruwa. A ƙasa Skaggs yana zaune a kan ganga. Ya dube mu ya tofar da ruwan taba kusa da takalmina.

"Kai shugaban kuku, yau ku biyu ne kawai?"

"Sauran na tafe, Mista Skaggs, baƙi ne suka riƙe su. Yau an yi kallo a wajenmu. Ba ka ji ba? Kanar ya ga mutuminsa a ɗakin cin abinci."

Ya miƙe zumbur. "Yaushe?"

"Bai fi minti ashirin ba. Abokinka yana wurin, a gabansa aka yi. Na ɗauka ya aiko maka. Ko da yake in lada za a raba, ai hannu ɗaya ya fi sauƙin cikawa."

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, ina so a san wannan. Ya zagi abokinsa, ya zagi uwar abokinsa, ya ture Ansel gefe da kafaɗa ya kama matakala yana hawa biyu-biyu.

Jirgin fito yana ɗaure a wurinsa. Mai shi, Mulrooney, ɗan ƙasar Ailan ne mai baƙin baki da farar zuciya, ya tsallakar mana da mutane da yawa bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Turawa shida ne a ciki, masu zuwa kallon ruwa daga ɗaya gefen, sun lulluɓe da rigunan ruwa, akwatunansu sun cika tsakiyar jirgin. Wuri ɗaya ya rage a kan benci, kusa da wata tsohuwar Baturiya mai kwando a gefenta.

"Mutum ɗaya, Mulrooney," na ce.

"Ya shigo, ba kwana zan yi a nan ba."

Ansel ya shiga. Ya wuce bayan bencin ya tsaya, ya haɗa hannu a baya.

"Zauna, malam," in ji Mulrooney.

Ansel ya dubi bencin, ya dubi tsohuwar. Ya nemi tsugunawa a ƙasa, akwatuna sun hana. Ya sake miƙewa.

"Zan tsaya, yallaɓai. Na saba."

"Ba a jirgina ba. Wani ya taɓa tsayawa a tsakiyar ruwan nan, mutum biyu muka binne. Ko Fafaroma ne sai ya zauna. Ba na kwance igiya sai gindin kowa ya taɓa katako."

Duk garin ya san wannan dokar tasa, kuma ba a taɓa jin ya karya ta ba. Ni ne ban taɓa tunanin za ta zama mini matsala ba. Tsohuwar ta ɗauke kwandonta ta ɗora a cinya, ta ci gaba da kallon ruwa. Wurin ya ƙara faɗi. Ansel bai motsa ba.

Sai na ji ihu daga sama. Na ɗaga kai. Can tsakiyar matakala Skaggs ya yi karo da abokinsa da ɗan sanda suna saukowa. Ashe su ba su da imanin Kanar, sun hau sun leƙa lamba goma sha huɗu sun tarar ba kowa. Yanzu su uku ne suke gangarowa, suna riƙe katako saboda santsi.

"Ansel," na ce, "suna zuwa."

"Na gan su." Gumi yana zubo masa ta inda gemu yake a da. "Kyaftin, tun da aka haife ni ban taɓa zama a inda Bature yake ba. Gwiwata ta ƙi. A wajenmu in ka zauna kusa da farar mace, igiya ce."

"Nan ba wajenku ba ne."

"Na sani. Kaina ya sani." Ya dube ni, karo na farko ido cikin ido. "Ka ba ni umarni. Ka daka mini tsawa, ka ce zauna, yaro. In ka faɗa haka zan zauna."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Kalma biyu, jirgi ya tashi. Har na buɗe baki, tsawar tana kan harshena, don ni mutum ne da ya iya tsawa. Amma sai na ji ba zan iya ba. Ni ma na taɓa tsayawa a bayan kujerar wani a Virginia, na san muryar da yake roƙo in ara. In na tura shi Kanada da wannan muryar, to bawa na aika, ubangida kawai ya sauya. Keziah ta ce mini daga baya wannan shi ne hauka mafi girma da na taɓa yi, kuma ban musa mata ba.

"Ni ba ni da bawa," na ce masa. "Ga benci, ga matakala. Wanda ka ga dama."

"Hosea!" in ji Mulrooney, igiya a hannu. "Ku gama wa'azin nan!"

Takun mutanen ya matso har ina jin katako yana amsawa. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ansel ya buɗe hannunsa, ashe makullin yana ciki har yanzu, ya yi masa shaida a tafi. Ya miƙo mini shi ta saman ruwa.

"Ka mayar masa. Kada ya ce na tafi da abinsa."

Na karɓa. Ya juya, ya dafa bakin jirgin, ya sauka a hankali kamar tsoho mai ciwon baya, har ya zauna a gefen bencin, rabin jikinsa a waje. Mulrooney bai jira sauran rabin ba. Ya fizge igiya, ya tokare dutse da sandar tuƙi, ruwa ya karɓe su.

Skaggs ne ya fara isowa, yana haki kamar zai amayar da huhu. Tsakaninsa da jirgin ya kai tsawon mutum biyar, kuma ruwan wurin ba a shiga da ƙafa. Ya ciro bindiga, ɗan sandan ya danne masa hannu, don Turawa shida ne a cikin jirgin nan. Ya juyo kaina yana kumfar baki, ya ce sai na kwana a kurkuku. Na ce masa ni makulli kawai aka ba ni in mayar, kuma mutum talatin sun ji da kunnensu lokacin da Kanar ya ce a ƙyale mutumin ya fita. Na sa makullin a hannun ɗan sanda, na roƙe shi ya gaida Kanar.

Ban hau nan da nan ba, ko da yake baƙi ɗari uku suna jirana. Na tsaya ina kallon farar kwat ɗin nan tana ƙanƙancewa a cikin feshi. Jirgin yana tashi yana faɗawa, kowa a ciki ya riƙe abin da ya samu. Da suka kai tsakiyar kogi, inda ruwan ya daina zama na Amurka, na ga Ansel ya gyara zama. Ya matsa ciki ya cika wurinsa duka, kafaɗarsa tana gogar ta tsohuwar, ya miƙe ƙafafunsa a kan akwatin wani. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya ciro burodin ya fara ci.

Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Ni da ba na kuka a gaban mutane, na tsaya a gaban masu farautar bayi biyu da ɗan sanda ina share ido da hannun riga, ban kuma damu da su gani ba.